Riƙon Karen Lasa a Zafin Katsina: Daga Ranar Saye Zuwa Askin Bazara

Shekara shida ke nan da Auduga a gidanmu, nan bayan Ƙofar Ƙaura. Fari ne fat, nauyinsa bai wuce kilo 7 ba, kuma duk baƙon da ya hango shi tambayarsa ta farko ita ce ko kare ne ko ɗan rago. Ta biyu kuwa, a ina zai samu irinsa. Wannan ta biyun ce ta zaunar da ni rubutu, domin na ga waɗanda kyawun gashi ya ja su suka saya, bazara ɗaya ta raba su da karen, ba don mugunta ba, sai don ba wanda ya faɗa musu abin da suka ɗauko.

A takarda Lhasa Apso ake rubuta sunansa, masu sayar da karnuka kuma Lasa suke ce masa. Asalinsa Tibet ne, cikin duwatsun Himalaya, kuma daga birnin Lasa ya samo sunan, birnin da ke kan tudu mai tsayin fiye da mita 3,600. Can aikinsa gadi ne daga cikin gida da wuraren ibadar mabiya Buda: manyan karnuka suna ƙofa, shi yana ciki yana kasa kunne, da ya ji motsin da bai sani ba sai ya ɗaga murya. A 1933 ne Dalai Lama na 13, shugaban mabiya Buda na Tibet a lokacin, ya ba wani Ba'amurke, Suydam Cutting, kyautar irinsa, daga nan ya bazu a Amurka. Tsayinsa a kafaɗa kamar santimita 25 zuwa 28 ne, nauyi kilo 6 zuwa 8, kuma in an riƙe shi da kyau yakan yi shekara 12 zuwa 15. Ka riƙe abu biyu daga wannan tarihin, don duk jagorar a kansu take tafiya: ɗan ƙasar sanyi ne da ka kawo garin da zafinsa ke haura digiri 40 a watan Afrilu, kuma mai gadi ne mai ra'ayin kansa, ko da yake siffarsa ta 'yar tsana ce.

Mataki na farko: ka gama magana da malaminka da mutanen gidanka

A garinmu ba a fara maganar kare daga kasuwa. Hadisai sun zo a kan cewa ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba yana rage lada kullum, da cewa mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare, da wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai. Wanda ya karanta Risala a zaure ya san ta hana ajiye kare a gidajen birni. Masu sharhi kuma sun kawo cewa shi kansa mai littafin ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi yana tsoro, kuma malamai da dama sun yi ƙiyasin gadin gida a kan gadin gona da dabbobi. A mazhabar Malikiyya jikin kare mai rai da yawunsa ba najasa ba ne, saɓanin wasu mazhabobin.

Ni da na je na ce, "Allah gafarta Malam, ga niyyata, ga irin karen." Ya tambaye ni don me, ya tambaye ni inda zai kwana. Abin da muka tsaya a kai shi ne wurinsa daban, kwanonsa daban, ba ya shiga ɗakin kwana, ba ya taka inda ake salla. Kai ma ka je ka ji daga bakin wanda kake ɗaukar karatu a wurinsa, kada ka ɗauki nawa a matsayin fatawa. Sannan ka tambayi uwargida, ka tambayi Hajiya in tana gidan. Karen da rabin gida ba sa so, da ka fita aiki a rana zai wuni, a ɗaure.

Mataki na biyu: san halinsa kafin ka ba da kuɗi

Lasa yana da kunne ƙwarai. Auduga yakan ji mai kurar ruwa tun yana kwanar layi, ya bambanta ƙarar mashin ɗina da na maƙwabci. Da mutanen gida yana da sakin jiki da wasa, amma baƙo sai ya tsaya daga nesa ya ƙare masa kallo, wani lokaci sai an yi zuwa uku kafin ya yarda. Yana da taurin kai: ya san abin da kake so sarai, sai ya duba ko akwai riba a ciki. Duka ba ya gyara shi, sai dai ya mai da shi mai cizo. Ba ya buƙatar gudu mai yawa kamar karnukan mafarauta, tafiyar minti 20 safe da yamma ta ishe shi, kuma yana jure zaman kaɗaici na 'yan awoyi fiye da wasu ƙananan karnuka.

Inda nake jan kunne shi ne yara ƙanana. Ba ya haƙuri da jan gashi, da hawa bayansa, da taɓa kwanonsa yana ci. Gidan da ke da 'yan shekara biyu zuwa biyar, kuma ba babban da zai sa ido kullum, gara a dakata su tasa.

Mataki na uku: zaɓen ɗan kwikwiyo

Kada ka karɓi wanda bai cika sati 8 ba, komai zaƙin bakin mai sayarwa. Ka nemi ganin uwar da idonka, in nesa ne a nuna maka ita a kiran bidiyo tare da 'ya'yan, ba hoto ba. Duk kare mai gashi yanzu Lasa ake kiransa a Facebook, kuma da yawa gauraye ne. Na gaskiya hancinsa ya ɗan fito, bai lotse kamar na ɗan'uwansa Shih Tzu ba, kansa bai yi faɗi ba, jelarsa ta naɗo kan baya, gashin kuma miƙaƙƙe ne mai nauyi.

In ya zo hannunka, ɗaga leɓensa: dasashi ya zama ja-ja mai haske, in ya yi fari akwai tsutsa ko kaska ta sha shi. Ido ya zama garau ba kwantsa, ba wani jan nama da ya ɓullo a kusurwa. Shinshina kunne, kada ka ji wari. Duba ƙarƙashin jela ko akwai alamar zawo, shafa cibiya ko ta kumbura. Ɗan kwikwiyon da ke shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, yana yawan fitsari, kuma ya fi 'yan'uwansa ƙanƙanta, ka bar shi, domin wannan jinsi yana da ciwon ƙoda na gado da ke fara nuna kansa haka. Ka karɓi katin rigakafi mai kwanan wata da sa hannun likita.

Yawanci daga Kano, Kaduna, Jos ko Abuja ake kawo su. A taso da asuba, a sa shi cikin mota inda mutane suke, ba a but ba, da ruwa a kusa.

Mataki na huɗu: likita a satin farko

Kafin ka saya masa abin wuya da igiya, kai shi asibitin dabbobi. Allurar haɗe da ke kare shi daga cutar fabo, wato zawon jini da amai mai kashe 'yan kwikwiyo cikin kwana biyu ko uku, da sauran cututtukan da ke tare da ita, ana farawa a sati 6 zuwa 8, a maimaita duk sati 3 zuwa 4 har ya kai sati 16. Kafin ya kammala, kada ya taka layi, kada ya haɗu da karnukan unguwa, domin ƙwayar cutar tana daɗewa a ƙasa wata da watanni, takalmi ma yana shigo da ita.

Allurar haukar kare ana yi a wata 3, a sabunta duk shekara. Wannan ba ta karen kaɗai ba ce, ta 'ya'yanka ce da 'ya'yan maƙwabta, don ciwon in ya bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi. Cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana yin allurar, akwai kuma ta waje. Abin lura a nan shi ne sanyi: allurar da ta kwana a firjin da ba wuta ta zama ruwa. Ka tambayi yadda aka ajiye ta, ba rashin kunya ba ne. In kuma ya ciji wani, ko yaƙushi ne da haƙori, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana minti 15, a tafi asibiti a ranar, ka ɗauki katinsa ka bi su.

Maganin tsutsar ciki duk sati 2 har ya kai wata 3, sannan duk wata har wata 6, daga nan duk wata 3. A auna nauyinsa kafin a ba shi. Kada ka taɓa ba shi farasitamol ko maganin ciwon jiki na mutane, ƙwaya ɗaya tana iya lalata hanta ko ƙodar kare mai kilo 7.

Mataki na biyar: wurin kwana, da yaƙi da rana

A nan mafi yawa suke faɗuwa. Kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake fitar da zafi, kuma in iskar da yake shaƙa ita ma zafi ce, hakin ba ya yi masa amfani. Ƙaramin ɗakin kwano da maƙera ke yi a ajiye a tsakar gida, daga Maris zuwa Mayu tanderu ne. Nemo masa wuri mai rufi mai kauri da iska ke ratsawa: baranda ta gefen arewa, ko ɗan sito mai taga biyu, da daɓen siminti ko tayil da zai shimfiɗa cikinsa a kai. Inuwar bedi tana da kyau da hantsi, amma inuwa tafiya take yi, kuma karen da aka ɗaure ba ya iya bin ta.

Ruwa kwano biyu, a wuri biyu, daga randa, a canza da azahar. A rana ta yau da kullum yana shan kusan rabin lita, da bazara ya fi haka. Ni nakan yayyafa wa daɓensa ruwa wajen ƙarfe ɗaya, kuma na sayi 'yar fanka mai caji saboda shi, don ba a dogara da wuta a watan Afrilu. Fita yawo sai bayan sallar asuba ko bayan magariba. Kafin ku taka kwalta ko yashi, ɗora bayan hannunka a ƙasa ka ƙirga biyar, in ba ka iya jurewa ba, tafin ƙafarsa ma ba zai iya ba. Kada ka bar shi a mota a rufe, ko da shiga banki ne ka fito.

Alamun zafi ya buge shi: haki mai ƙarfi da ba ya tsayawa, harshe ya zazzago ya yi ja wur, yawu mai kauri, tangaɗi, amai. Kada ka jira. Kai shi inuwa, kwara masa ruwan randa a ciki da hammata da cinyoyi har ya ratsa gashi ya taɓa fata, kunna fanka a kansa, ba shi ruwa kaɗan-kaɗan in yana iya sha, kada ka ɗura masa. Kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul a bari, yana riƙe zafin. Sannan a tafi wurin likita ko da ya miƙe, don ɓarnar cikin jiki takan bayyana daga baya.

Hunturu kuwa lokacinsa ne, sai ka ga ya koma ɗan kwikwiyo. Ƙura ce kawai matsalar: idonsa yana saurin bushewa da ja. Goge shi kowace safiya da auduga da ruwa mai tsabta, kowane ido da tasa audugar.

Mataki na shida: gashi

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Gashin Lasa ba ya zuba ƙasa sosai, wanda ya tsinke a cikin sauran yake maƙalewa, in ba a taje ba ya dunƙule ya zama kamar tabarma a manne da fata. A shekarata ta farko na yi tafiyar sati uku da damina, na bar shi da yaran gida da suke ba shi abinci amma ba su san taza ba. Da na dawo, daga sama lafiya lau, da na cusa yatsa sai na ji dunƙule tun daga bayan kunne har hammata, ƙarƙashinsa fata ta jiƙe ta yi gyambo, ga kaska sun yi layi. Likita ya aske shi tas, ya ce mini, "Malam, wannan gashin ko ka taje shi ko ka rage shi, babu na uku." Tun ranar na daina sha'awar dogon gashi mai jan ƙasa irin na hotuna. Wannan na masu na'urar sanyaya ɗaki dare da rana ne da mai gyara na musamman.

Ga yadda nake yi. A ƙarshen Fabrairu, kafin zafi ya kankama, a rage gashin jiki ya saura kamar santimita 2 zuwa 3. Ba a yi masa ƙwal-kwabo, domin gashin yana kare fata daga rana da cizon ƙwari. A maimaita duk sati 6 zuwa 8 har damina ta wuce. Gashin goshi a rage shi ko a ɗaure, kada ya riƙa shiga ido. A rage na tsakanin yatsu da na ƙarƙashin jela, da almakashi mai dakusasshen baki.

Taza kuma kullum, ko aƙalla bayan kwana biyu, minti goma. Fesa ɗan ruwa tukuna, busasshen gashi karyewa yake yi. Kwantar da shi a gefe, buɗe gashin layi-layi kamar mai tsaga kitso, taje daga fata zuwa waje da matajin ƙarfe. Bayan kunne, hammata, cinya da inda abin wuya ke gogawa, nan dunƙule ke farawa. In ka tarar da shi, riƙe gindin gashin da yatsu ka warware daga baki, kada ka fizga. Bayan kowace fita daga ƙarshen damina zuwa kaka, duba ƙarangiya, tana shiga gashinsa ta nutse, tsidau kuma yana soke tafin ƙafa.

Wanka duk sati 2 zuwa 3 da sabulun karnuka, ba omo ba, ba sabulun wanki ba. A taje kafin wanka, don ruwa yana ƙara ɗaure dunƙule. A busar da shi har fata, a goge cikin kunne, kunnensa a rufe yake kuma damshi yana sa shi ruɓa. Farce duk wata. Haƙori a goge sau biyu ko uku a sati da man goge bakin karnuka, ƙananan karnuka suna saurin zubar da haƙori.

Mataki na bakwai: kaska da ƙuma

Da saukar ruwan farko kaska take tashi, kuma tana sa zazzaɓin da ke shanye jini: kare ya ƙi abinci, dasashi ya yi fari, fitsari ya yi duhu. Wannan na likita ne a ranar. Don kariya akwai maganin ɗigawa a ƙeya da ƙwayoyin taunawa, irin su NexGard na wata ɗaya da Bravecto na sati 12, kowanne da gwargwadon nauyi. Ina roƙonka, kada ka shafa masa fiya-fiya, ko maganin feshin gona, ko kalanzir, ko baƙin mai, kuma kada ka auna masa maganin wankan shanu da ka. Jikinsa ƙarami ne, yana lasar gashinsa. Wanda ka gani a manne, kama shi dab da fata da hantsaki ka ja a miƙe a hankali.

Akwai kuma ƙudan da ke yin ƙwai a ƙasa mai damshin fitsari ko a shimfiɗar da aka shanya a ƙasa, tsutsar ta shiga fata ta yi ƙurji mai ɗan rami a tsakiya. Shanya shimfiɗarsa a igiya cikin rana, share makwancinsa kullum.

Mataki na takwas: abinci

Sau 4 a rana har wata 3, sau 3 har wata 6, daga nan sau 2. Da bazara a ba shi da sassafe da bayan faɗuwar rana. Abincin buhu na ƙananan karnuka ya fi sauƙi in aljihu ya ɗauka, a duba ranar lalacewa, a rufe shi a bokiti. In girki za ka yi: shinkafa ko dankali, naman kaza ko na sa ko kifi ba ƙaya, dafaffen ƙwai, kabewa da karas, hanta kaɗan sau ɗaya a sati, ba gishiri ba magi ba yaji. Nama da shinkafa zalla ba su da sinadarin gina ƙashi isasshe, ka nemi likita ya rubuta maka na ƙari, musamman ga mai tasowa.

Ragowar tuwo da miya ba nasa ba ne, albasa da tafarnuwa suna fasa jinin kare ko an dafa su. Haka tsire da kilishi. Goro, cakulan da inabi guba ne gare shi, a gargaɗi Kaka da yara. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya huda hanji. Ranar Babbar Salla a sa ido sosai, kitse da kayan ciki da kowa ke jefa masa suna kwantar da shi. Shafa haƙarƙarinsa lokaci-lokaci: ka ji su a ƙarƙashin yatsa ba tare da ka danna ba. Ƙiba tana ƙara masa jin zafi, tana kuma wahalar da gwiwa, wadda dama a wannan jinsi takan goce.

Mataki na tara: tarbiyya

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a kare ɗanyen yana ƙarewa wajen wata 3 zuwa 4. A wannan tsakanin, cikin gida, ya ga mutane iri-iri: mai rawani, mai niƙabi, almajirin da ke muku aike, mai kawo ruwa, kaji da akuya in akwai. Kowa ya jefa masa ɗan guntun dafaffen nama ya wuce, ba sai ya taɓa shi ba. A lokacin ne kuma za ka saba masa da mataji, da taɓa ƙafa da kunne da baki.

Bayan gida: zaɓi kusurwa ɗaya, kai shi da ya farka, da ya ci, da ya gama wasa, da farko kusan duk awa biyu. Da ya yi a wurin, yaba masa nan take ka ba shi lada. In ya yi a inda bai dace ba, wanke wurin sosai ka yi shiru, tura hancinsa a ciki tsoronka kawai yake koya masa. Lasa yana da jinkiri a wannan fanni, wata huɗu zuwa shida ba abin mamaki ba ne.

Umarni kuwa da Hausa nake ba Auduga, kalma ɗaya-ɗaya: zo, zauna, bari, wurinka. Minti biyar sau biyu a rana, kafin cin abinci, kowa a gida da kalma iri ɗaya. Haushi ba a hana shi gaba ɗaya, aikinsa ke nan. In ya yi biyu ko uku, je ka duba ƙofar ya ga ka duba, ka ce "ya isa", da ya yi shiru ka ba shi lada. Tsawa a kansa ɗauka yake kana taya shi. "Wurinka" ita ce kalmar da ta fi kowace amfani a gidan Bahaushe: da an yi sallama sai ya koma makwancinsa a turo ƙofa, baƙo ya shigo hankali kwance da alwalarsa, mai tsoro bai firgita ba.

In mace ka ɗauka, takan fara neman namiji tsakanin wata 6 zuwa 12, sannan kusan sau biyu a shekara, sati 2 zuwa 3 kowane karo. A waɗannan kwanaki karnukan unguwa za su yi sansani a ƙofarka, kuma cikin babban kare yana iya kashe ta wajen haihuwa. Ko ka kulle ta sosai har ya wuce, ko ka yi magana da likita a kan aikin hana haihuwa, a sa ranar cikin hunturu lokacin da rauni ya fi saurin warkewa ba tare da damshi da ƙuda ba.